Yadda Ake Kauce wa Kurakuran Feng Shui a Gida, Daga Bakin Ƙofa Zuwa Ɗakin Kwana

Yawancin waɗanda suka ji labarin feng shui, wato tsohon fannin Sinawa na zaɓen wuri da tsara gida, a wajen ƙasar Sin, ta kayan ado suka fara saninsa: kwaɗon ƙarfe mai ƙafa uku da ya ciji tsabar kuɗi, ƙararrawar da iska ke kaɗawa, ɗan tsiro a kwalbar ruwa an ɗaura masa jan ƙyalle. Sai mutum ya sayo ya jera a falo, ya ce ya gyara gida. Alhali ƙofarsa ba ta buɗuwa sai an sa mata kafaɗa, famfon kicin yana ɗiga tun bara, gadonsa kuma yana tsakanin ƙofa da taga, iska na bi ta kansa har gari ya waye. An bar jaki ana dukan taiki.

Asalin wannan fanni, zaɓen wuri ne. Sinawan da sun daɗe suna nazarin inda ya dace a kafa gari, a gina gida, a haƙa kabari, suna duban tudu da kwari, da inda ruwa ke bi, da inda iskar sanyi ke fitowa. Ana jingina wa wani malami mai suna Guo Pu, wanda ya rayu daga 276 zuwa 324, maganar da ta zama tushen komai: abin da suke kira chi, wato numfashin rai da suke ganin yana gudana a ƙasa da cikin gida da jikin mutum, iska na watsa shi, ruwa na tsayar da shi. Kusan duk wata ƙa'ida da za ka ji daga nan ta fito. Kada chi ya wuce da gudu, kada kuma ya kwanta ya ruɓe.

Zan faɗi matsayina tun yanzu. A cikin feng shui akwai ɓangaren lissafin taurari da shekarar haihuwa da neman sa'a, wannan ba na bin sa, domin arziki da lafiya a hannun Allah suke, ba a hannun madubi ko kwaɗo ba. Amma akwai ɓangaren da ya ƙunshi lura ta ɗaruruwan shekaru kan iska da rana da danshi da sirrin gida da barcin mutum, kuma wannan ya cancanci a saurare shi da kunnen basira. A kowane mataki zan kawo abin da masanan suke faɗa, da dalilin da ido ke iya gani.

Mataki na 1: Zana gidan, kuma ka tsaya a kan hanya ɗaya

Kafin ka taɓa kujera ko ɗaya, ɗauki takarda ka zana gidan kamar kana kallonsa daga sama. Ka sa kowace ƙofa da gefen da take buɗuwa, kowace taga, da murhu, da famfo, da masai, da gadaje. Ka ja layi daga ƙofar shiga, ka ga inda ya miƙe ya ƙare. Rabin matsalolin gidan a wannan layin za su bayyana.

Kuskuren farko shi ne cakuɗa makarantu. A gargajiyance manyan hanyoyi biyu ne. Ɗaya tana duban siffar wuri, tudu da kogi da fasalin gini, ana danganta ta da Yang Yunsong na ƙarshen daular Tang da yankin Jiangxi. Ɗayar tana aiki da kamfas ɗin da suke kira luopan, wanda ya raba sararin duniya gida 24, kowanne digiri 15. Daga baya, a shekarun 1980, Lin Yun ya yaɗa wata hanya mai sauƙi a Amurka, wadda ba ta damu da kamfas ba, tana ɗora wata taswira mai sassa takwas da ake kira bagua, wadda kowane sashenta ke wakiltar wani ɓangaren rayuwa kamar dukiya, daga bakin ƙofa kawai. A hanyar kamfas, kusurwar dukiya tana kudu maso gabas. A hanyar Lin Yun, ita ce kusurwa ta can ciki a hannun hagu idan ka shigo. Wanda ya kalli bidiyon wannan yau, gobe ya kalli na wancan, zai yi ta jan kaya daga lungu zuwa lungu har iyalinsa su gaji da shi. Matakan da ke tafe na duban siffa ne, don su ne kowane ɓangare ya yarda da su, kuma su ne hankali ke kamawa.

Idan za ka auna alƙibla da kamfas ɗin waya, matsa nesa da ƙofar ƙarfe da mota da firiji, domin ƙarfe na karkatar da shi. Ka auna a wurare biyu ko uku ka kwatanta.

Mataki na 2: Fita waje ka dubi gidan

Masanan zamanin da, ba sa fara shiga ɗaki. Suna tsayawa a waje su nemi abu huɗu, waɗanda suka laƙaba wa sunayen dabbobi. A baya a samu kunkuru, wato tudu ko dogon gini ko katanga da gida zai jingina da ita. A hagu, idan kana ciki kana kallon waje, dodon nan nasu mai siffar maciji, wato wani abu mai ɗan tsayi. A dama damisa, wadda ake so ta fi na hagu gajarta. A gaba kuwa jan tsuntsu, wato fili buɗaɗɗe mai haske, wanda suke kira mingtang. Tsohuwar fadar sarakunan Sin da ke Beijing, wadda aka kammala a 1420, haka aka tsara ta: tana fuskantar kudu, rafi na lanƙwasa a gabanta, a bayanta kuma ga tudun Jingshan, wanda ba halitta ba ne, tara shi aka yi da ƙasar da aka haƙo daga ramin ganuwar fadar.

A nan ne mutanen ƙasashe masu zafi ke yin babban kuskure: su ji an ce gida ya fuskanci kudu, su ɗauka doka ce ta duniya baki ɗaya. Beijing tana wajen digiri 40 arewa da tsakiyar duniya. Da sanyi, iska mai yankan fata tana zuwa musu daga arewa, rana kuma tana bi ta kudu ƙasa-ƙasa, don haka gidan da ya ba arewa baya ya buɗe wa kudu yana samun ɗumi kyauta. Kano kuwa tana wajen digiri 12. Rana a tsakar ka take bi, har ma daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta ta ɗan karkata arewa. Abin gudu a irin wannan ƙasa shi ne ranar yamma da ke gasa bango, da ƙurar hunturu daga arewa maso gabas, da hadarin da ke tasowa daga gabas. Wanda ya fahimci dalilin ƙa'idar zai tambayi kansa ina iska mai cutarwa ke fitowa a garinsa, ya ba ta baya.

Sai ka duba abin da ke nuno ƙofarka. Titin da ya miƙe ya ƙare daidai bakin gida, Sinawa na ƙinsa ƙwarai, suna cewa chi na zuwa kamar kibiya. Ko ba ka yarda da chi ba, fitilar mota za ta riƙa haske ɗakinka da dare, ƙura da ƙara za su riƙa shigowa, kuma ranar da birki ya ƙwace wa wani, katangarka ce a gabansa. Haka nan ƙofar da ke kallon siririn rata tsakanin dogayen benaye biyu, inda iska ke matsewa ta fito da ƙarfi, da kusurwar ginin maƙwabci mai tsini. A Hong Kong an sha surutu kan hasumiyar Bank of China da I. M. Pei ya zana, wadda aka buɗe a 1990, saboda gefunanta masu kama da kaifin wuƙa, har mutanen birnin suna cewa na'urori biyu masu kama da igwa da ke kan rufin ginin bankin HSBC martani ne gare ta. Maganin mai ƙaramin gida ya fi wannan sauƙi: katanga mai kauri, ko jerin shuke-shuke masu duhun ganye, ko a kawar da ƙofar gefe idan gidan naka ne.

Mataki na 3: Ƙofar shiga

Suna kiran ƙofar gida bakin chi, kuma babu inda suke tsanantawa kamar nan. Koma kan layin da ka ja a takarda. Idan ya tashi daga ƙofar shiga ya fice ta ƙofar baya, ko ta babbar taga, ko ta baranda, ba tare da ya ci karo da komai ba, to ka samu abin da suke kira chuan tang sha. Suna cewa irin wannan gida ba ya riƙe dukiya, abin da ya shigo ficewa yake. Abin da ido ke gani shi ne ƙofofi na bugawa, takardu na tashi, kuma duk wanda ya tsaya a waje ya gama ganin cikin gidanka.

Tsofaffin gidajen Beijing masu tsakar gida, siheyuan, sun warware wannan tun tuni. Ƙofarsu a kusurwar kudu maso gabas take, ba a tsakiya ba, kuma kana shiga sai ka yi kiciɓis da ɗan bango mai ado, yingbi, dole ka karya kwana kafin ka ga tsakar gida. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Zaure da shigifa aikinsu ke nan, ƙofar ciki ba ta kallon ta waje. Mu ne muka watsar da wannan hikima da muka koma gidajen zamani, inda mai sallama ke hango tukunya.

Gyaran ba ya buƙatar birkila. Sa allon kariya na katako, ko kantar littattafai, ko doguwar tukunyar shuka, tsakanin ƙofar da tagar, yadda mai shigowa zai ɗan kewaya. Labule mai kauri ma ya isa. Sai dai kada garin neman gira a rasa ido: wasu suna toshe wurin gaba ɗaya har iska ta daina ratsa gidan, a ƙasar da ake neman iska ruwa a jallo. Lanƙwasa hanyar ake so, ba rufe ta ba.

Akwai abu uku da ba a so mai buɗe ƙofa ya fara gani: murhu, banɗaki, da madubin da ke kallonsa kai tsaye. Game da murhu har karin magana gare su, cewa gidan da ake buɗe ƙofa a hango murhu, kuɗinsa ba sa zama. Madubin kuwa, suna cewa yana mayar da chi waje, don haka a mayar da shi bangon gefe, inda zai yi amfani ga mai fita ya gyara hula. Matakalar bene da ta sauko daidai ƙofa ita ma ba a sonta, ana rage kaifinta da shimfiɗa ko tukunyar shuka a gindinta.

Ƙofar kanta ta buɗu har ƙarshe. Kwashe takalman da suka taru a bayanta ka yi musu kanta mai murfi, ɗiga wa hinjinta mai, gyara makullin da sai an yi kokawa da shi, sa kwan fitila mai haske. Kuma a riƙa amfani da ita. Gidaje da yawa babbar ƙofarsu a kulle take shekara da shekaru, kowa ta kicin yake shiga.

Mataki na 4: Kwashe tarkace, gyara abin da ya lalace

Wannan matakin ba shi da armashi, shi ya sa ake tsallake shi, kuma shi ne ya fi kowanne sauya gida. Sinawa na yin gagarumar shara kafin sabuwar shekararsu, a fitar da komai a kakkaɓe. A fahimtar feng shui, tarkace wuri ne da chi ke kwantawa. A zahiri kuma wuri ne da ƙura da kyankyasai da ɓeraye ke kwantawa. Bi ɗaki ɗaya bayan ɗaya, ka fara da hanyar wucewa, sannan bayan ƙofofi, saman sif, ƙarƙashin gado. Abin da ya shekara ba a taɓa shi ba, a ba mabuƙaci. Agogon da ya tsaya, a sa masa batir ko a sauke shi. Fasasshen madubi, da kwanon tangaran da ya tsage, da busassun furanni, a fitar. Famfon da ke ɗiga kuwa, su suna cewa dukiya ce ke zurarewa, tunda ruwa alamar dukiya ne a wurinsu, kuma duk mai sayen ruwa a jarka zai ce gaskiya suka faɗa.

Mataki na 5: Falo da teburin aiki

Kunkurun nan na bayan gida yana dawowa a cikin ɗaki. Babbar kujera ta jingina da bango, mai zama ya iya ganin ƙofa ba sai ya waiwaya ba. Suna kiran wannan kao shan, dutsen jingina. Teburin aiki ma haka: kada ka ba ƙofa baya, kada kuma ka zauna daidai saitinta. Idan ɗakin ya yi ƙanƙanta dole ka fuskanci bango, sa ɗan ƙaramin madubi a gefen tebur da zai nuna maka mai shigowa. Kujeru su kalli juna yadda hira za ta yiwu, a bar hanyar wucewa ba sai an yi ta kauce-kauce ba. Tebur mai kusurwa mai tsini da ke kan hanya, a kawar da shi gefe ko a sauya da mai zagaye, musamman gidan da ke da yara.

Mataki na 6: Ɗakin kwana

A nan ya kamata ka ɓata lokaci, domin kusan kashi ɗaya cikin uku na rayuwar mutum a kan gado yake ƙarewa. Wurin da ya fi dacewa da gado shi ne can nesa da ƙofa, a karkace da ita, yadda mai kwance zai ga ƙofar amma ba ya kan layinta, kansa kuma yana jingine da ƙwaƙƙwaran bango. Gadon da ƙafafun mai barci ke nuna ƙofa kai tsaye, Sinawa na ƙyamarsa, saboda da ƙafa ake fara fitar da mamaci a al'adarsu. Ka ajiye camfin gefe, dalilin yana nan: duk wanda ya buɗe ƙofar, haske da ƙara da iska a kanka za su fara sauka. Idan babu yadda za a yi, sa ɗan benci ko akwati a ƙarshen gadon, a riƙa rufe ƙofar.

Kada kan gado ya kasance ƙarƙashin taga. Iskar asuba, feshin ruwan sama, ƙurar hunturu da motsin masu wucewa duk ta nan suke shigowa. Idan dole ne, a samu gado mai dogon allon kai da labule mai nauyi. Kada kuma kan gado ya jingina da bangon banɗaki, musamman inda bututun ruwa ke bi, don bangon na riƙe danshi, yana yin fumfuna, ga ƙarar ruwa tsakar dare. Wani lokacin matsar da gadon taku biyu ya wadatar.

Ɗaga kai ka dubi sama. Bim ɗin kankare da ya gitta ta kan gado yana daga cikin abubuwan da suka fi tsana, suna cewa yana danne mai barci. Matsar da gadon daga ƙarƙashinsa, ko a rufe shi da silin. Haka nan kanta mai nauyi da aka kafe a bango saman kai, wannan kam haɗari ne ko ba feng shui. Masanan zamani suna haɗa fankar sama a wannan jerin. A nan ba na tare da su. Wanda ya rubuta wannan shawara bai kwana a Sakkwato cikin watan Afrilu ba. Bar fankarka, ka tabbatar an ɗaure ta da kyau, in da hali ta fi karkata wajen ƙafafu.

Madubin da ke kallon gado shi ma a kawar da shi. Bayaninsu shi ne yana tayar da chi a wurin da ake son natsuwa. Nawa bayanin shi ne, mutumin da ya farka cikin duhu ya ga inuwa na motsi a gabansa, ko tasa ce, sai gabansa ya faɗi kafin hankalinsa ya dawo. Idan madubin a jikin sif yake, a rufa masa mayafi da dare. Gilashin talabijin da aka kashe ma aikin madubi yake yi, kuma fitar da ita daga ɗakin gaba ɗaya ya fi.

Gadon ma'aurata a bar masa hanya ta gefe biyu, kada a manna shi a kusurwa har ɗaya ya riƙa tsallake ɗaya. Ƙarƙashinsa a bar iska ta ratsa. In ɗaki ya matse dole a yi ajiya, a taƙaita ga zannuwan gado da barguna, ban da takalma da tsofaffin takardu da kayan ƙarfe. Ba a sa tankin kifi ko maɓuɓɓugar ruwa ta ado a ɗakin kwana.

Akwai kuma kuskuren da ke kama masu zurfafawa. Wani lissafi da ake kira bazhai yana raba mutane gida biyu, na gabas da na yamma, bisa shekarar haihuwa, ya ba kowa alƙiblar da kansa zai kalla. Sai ka ga mutum ya karkace gadonsa a tsakiyar ɗaki, babu bango a bayansa, ko ya kai kansa ƙarƙashin taga, wai yana bin alƙiblar da lissafin ya ba shi. Hatta masanan da ke aiki da wannan lissafi suna cewa siffar ɗaki ita ce gaba.

Mataki na 7: Kicin

Don ka gane ƙa'idar kicin, sai ka san abubuwa biyar da suke gina tunaninsu a kai: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe, ruwa. Suna haifar juna a jere: itace na ciyar da wuta, wuta na barin toka ta zama ƙasa, ƙasa na fitar da ƙarfe, ƙarfe na tara ruwa, ruwa na rayar da itace. Suna kuma danne juna: ruwa na kashe wuta, wuta na narkar da ƙarfe, ƙarfe na sare itace, itace na tsaga ƙasa, ƙasa na tare ruwa.

Saboda haka ba a son murhu da wurin wanke-wanke su manne da juna ko su kalli juna, firiji ma a ɓangaren ruwa ake lissafa shi. Duk wadda ruwa ya taɓa fantsamar mata cikin tafasasshen mai ta san hikimar, firijin da ke jikin murhu kuma ya fi shan wuta. A bar tazara tsakaninsu. Idan ginin ya riga ya haɗa su, suna sa itace a tsakani, tunda shi ne ke karɓa daga ruwa ya miƙa wa wuta: teburin katako, ko katakon yanka, ko ɗan tsiro kore.

Murhu kada ya kasance daidai ƙarƙashin taga ko a saitin ƙofa, inda iska za ta iya hure wutar gas ba a sani ba. Mai girki ta iya ganin mai shigowa, kada yaro ya faɗo mata ta baya tana riƙe da tukunya. Wuƙaƙe a sa su a durowa. Kan murhun da ya toshe a gyara shi, a riƙa amfani da kowanne, domin a wurinsu murhu shi ne alamar cin gida da wadatarsa. Kuma hayaƙi ya samu mafita. Kicin marar taga ya fi kowace matsala da aka lissafa a sama muni.

Mataki na 8: Banɗaki

Gidajen Sinawa na da ba su da masai a cikin ɗaki. A siheyuan, can kusurwar kudu maso yamma ake kai shi. Da benayen zamani suka shigo da shi ciki, sai ƙa'idoji suka biyo: kada ya kasance a tsakiyar gida, kada ƙofarsa ta kalli kicin ko teburin cin abinci ko gado. Na tsakiyar gida ba shi da bangon waje, don haka ba shi da taga, wari da danshi cikin ɗakuna za su bi. Idan kana kan zanen gini, hana shi tun a takarda. Idan ka tarar da shi, sa fankar zuƙe iska, a riƙa rufe ƙofa da murfin masai, a tsane ƙasa bayan wanka.

Mataki na 9: Sai yanzu kayan ado

Madubin bagua, mai kusurwa takwas, na waje ne. Ana rataye shi saman ƙofa don mayar da abin da suke ganin cutarwa ce daga titi ko kusurwar gini, kuma masanan sun haɗu a kan cewa ba a rataye shi cikin ɗaki. A unguwannin Sinawa, saita shi ga ƙofar maƙwabci abin faɗa ne, don ana ɗaukar sa kamar ka tura masa sharri. Ni shawarata a bar shi a shago.

Da yawa daga abin da ake sayarwa da sunan tsohuwar hikimar Sin ba ma daga can ya fito ba. Kyanwar nan mai ɗaga hannu ta Japan ce. Tsiron da ake kira gorar sa'a ba gora ba ce, Dracaena sanderiana ce, kuma asalinta Afirka ta Tsakiya, har da Kamaru. Idan kana son tsiro, sa wanda zai rayu a hasken ɗakinka, ka cire ganyen da ya bushe, ka nisanta masu ƙaya daga wurin zama da hanyar yara.

Ruwan ado kuwa sharaɗinsa ya riƙa gudana kuma ya kasance mai tsabta. Maɓuɓɓugar lantarki a garin da wuta ke ɗaukewa kwana biyu, kwatami ce ta sauro a tsakiyar falo. Idan ba za ka iya sauya ruwan kwalbar tsiro duk mako ba, dasa shi a ƙasa.

Masu bin lissafin taurari su sani cewa taswirarsu na sauyawa. Zamaninsu na shekara 20-20 ne, na 8 ya fara a 2004, na 9 ya fara a Fabrairun 2024, akwai kuma sauyin shekara-shekara wajen 4 ga Fabrairu. Bidiyon da aka ɗora shekara goma da suka wuce yana magana ne kan wani zamani, masu sayar da kaya kuma kowace shekara suna da sabon abin da za su ce ka saya.

Yadda za ka aiwatar

Kada ka juya gida gaba ɗaya rana guda. Fara da ƙofa da tarkace, sannan gado. Bayan kowane sauyi a zauna da shi mako biyu, a ga ko barci ya gyaru, ko iska na ratsawa, ko an daina tuntuɓe da kujera. Abin da bai yi ba, a mayar da shi yadda yake. Ka yi shawara da mutanen gidan kafin ka taɓa ɗakin kowa, musamman kicin, domin mai girki ta fi ka sanin inda hayaƙi ke taruwa da inda rana ke dukanta da la'asar. Ɗan haya ya tsaya kan abin da ake iya ɗagawa, labule da allon kariya da tukwanen shuka da matsar da gado, duk abin da ya shafi fasa bango ko sauya ƙofa kuma sai da izinin mai gida. Wanda ke neman sabon gida ya je ya gan shi sau biyu, da safe da kuma wajen ƙarfe 4 na yamma, ya buɗe tagogi, ya taɓa bangon ɗakin kwana na yamma da tafin hannunsa, ya tambayi maƙwabta inda ruwa ke kwanciya da damina kafin ya biya kuɗi.